Daga Gafaka Zuwa Kanta: Tarihin Cinikin Littattafai A Ƙasar Jama'a

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. A wannan fitowa za mu waiwaya ne mu dubi wani abu da muke giftawa ta gabansa kullum, a nan Kafanchan da Zonkwa da Kagoro da Kwoi da Kachia, amma ba safai muke tsayawa mu tambayi asalinsa ba, wato kantin sayar da littattafai. Muna magana ne a kan ɗan shagon nan mai ɗaki guda, wanda mutum ɗaya ya kafa da guminsa, inda za ka tarar da sababbin littattafan makaranta a kan kanta, na gwanjo a jibge a kan tebur, sa'an nan can gefe ga littattafan addinin Kirista an jera.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne irin waɗannan kantuna suna cikin wani hali, ciniki ya ja baya ƙwarai. Daɗin daɗawa kuma akwai waɗansu daga cikin jama'armu da ke ganin bai dace su taka cikin shagon da ake sayar da Littafi Mai Tsarki ba, sun gwammace su ba direban mota saƙo zuwa Kaduna ko Jos, ko da kuwa littafin lissafi ne na ɗan firamare. To, kafin mutum ya yanke hukunci a kan wannan, ya kyautu ya san yadda aka yi littafi ya iso ƙasar nan, da waɗanda suka ɗauko shi, da kuma abin da za a rasa in kantin ya rufe.

Zamanin rubutun hannu

Tun kafin a yi tunanin kanti, akwai littafi a ƙasar Jama'a. Masarautar kanta ai malami ne ya kafa ta, wato Malam Usman, a wajen shekarar 1810, a Jama'ar Daroro, ƙarƙashin Sarkin Zazzau. Duk kuwa inda malami ya sauka, to gafakarsa ta sauka tare da shi. A wancan zamani ba a sayen littafi yadda muke saye yau. In almajiri na son Ahalari ko Ishmawi ko Risala, sai ya ari na malaminsa, ya fiƙe alƙalami, ya dama tawada, ya zauna ya kwafe shi warƙa bayan warƙa. Wanda ke da hali kuma ya biya wani mai kyan hannu ya rubuta masa. Alƙur'ani guda yakan ci watanni kafin a gama rubuta shi, a yi masa wasali da zayyana, a kai wa baduku ya yi masa tadarishi da gafaka.

Takardar ma ba a nan ake yin ta ba. Akwai wata shahararriya mai tambarin jinjirin wata uku, wadda ake yi a ƙasar Italiya, a kawo ta Tarabulus ko Masar, ayari ya ƙetaro da ita Sahara zuwa Kano. Daga kasuwar Kurmi sai fatake su gangaro da ita Zariya, har ta iso garuruwan kudu irin su Kauru da Kajuru da Zangon Katab da Jama'a. Saboda haka littafi dukiya ne, ana sa shi cikin rabon gado kamar yadda ake sa gona da doki. Fatake da malamai matafiya su ne dillalan littafi na farko a wannan yanki, kuma masu sayensa 'yan kaɗan ne, malamai da alƙalai da manyan almajirai.

Dogo ya iso

Abin da ya sauya komai shi ne jirgin ƙasa. Turawa sun fara shimfiɗa dogo daga Fatakwal a 1913, ya isa Inugu a 1916 saboda kwal. Daga nan aka ci gaba da jan sa zuwa Arewa, har ya ratsa ta Kafanchan ya haɗu da na Kaduna a tsakanin 1926 da 1927. A shekarar 1927 ɗin kuma aka buɗe reshen da ya tashi daga nan ya hau dutse zuwa Jos, wajen masu haƙar kuza. Ta haka wurin da a da ƙauyukan Fantswam da maƙwabtansu ne ya zama babbar mahaɗa. Ma'aikatan reluwe suka zo daga Gabas da Yamma, Ibo da Yarabawa da sauransu, 'yan kasuwarmu suka zo daga Zariya da Kano da Katsina, har a 1933 aka dawo da gadon sarautar Jama'a nan Kafanchan.

Mai karatu zai ce, to mene ne haɗin jirgi da littafi? Ai haɗin babba ne. Littafi kaya ne mai nauyi, kuma ruwa na ɓata shi, jaki ba ya iya ɗaukar da yawa. Da zuwan dogo sai Kafanchan ta sami kanta a tsakiyar wurare uku da ake buga littattafai ko ake shigo da su: Zariya ta hanyar Kaduna, Jos a kan dutse, sai kuma tashar jirgin ruwa ta Fatakwal. Bugu da ƙari, akawu da direban jirgi da mai buga waya a tasha duk mutane ne masu karatu, masu ɗaukar albashi a ƙarshen wata, suna son jarida, suna son 'ya'yansu su yi makaranta. Kasuwar littafin boko a garin nan da su ta fara.

'Yan mishan da littafin Hausa

Nan ne wurin da ya kamata mu tsaya mu duba da kyau, don shi ne yawancinmu ba mu cika sani ba. Gwamnatin Turawa ta taƙaita wa 'yan mishan shiga garuruwan sarakunan Musulmi, sai suka mai da ƙarfinsu ga ƙasashen da Musulunci bai yi ƙarfi ba. Ƙungiyar SIM, wadda mutanenta na farko suka sauka Legas a 1893, ta kafa tasha a Kwoi cikin ƙasar Ham a 1910. Daga baya, kusan lokacin da dogo ya iso, ta kafa wata a Kagoro, inda a farkon shekarun 1930 aka fara makarantar koyon Littafi Mai Tsarki wadda har yanzu ake horar da fastoci a cikinta. Marigayi Sarkin Kagoro Malam Gwamna Awan, wanda ya yi sarauta daga 1945 zuwa 2008, a hannun waɗannan 'yan mishan ya yi karatu, ya kuma yi aiki da su kafin a naɗa shi.

To, sai suka tarar da matsala. A ɗan wannan yanki akwai Bajju, akwai Atyap, akwai Ham, akwai Agworok, da Asholio da Nikyob da Gwong da sauransu da dama, kowa da harshensa. Ba za a iya buga wa kowa littafi da nasa ba. Harshen da ya haɗa su a kasuwa shi ne Hausa, don haka da shi aka yi aiki. Da Hausa ake koya wa sabon mai bi karatu, da ita ake wa'azi, da ita ake waƙa a majami'a.

A can Zariya kuma akwai Likita Mila na ƙungiyar CMS, wanda ya zauna cikin birni tun 1905, kafin daga baya a mayar da mishan ɗin Wusasa. Shi ne ya ja ragamar fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa tare da mataimaka Hausawa da wasu 'yan mishan, aka buga shi cikakke a 1932. Ku lura da wannan shekara: ta riga Ruwan Bagaja fitowa, ta riga Magana Jari Ce, ta riga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Haka nan babban ƙamus ɗin Hausa da Turanci na Bargery, wanda ya fito a 1934 kuma har yau malaman jami'a ke komawa gare shi, wanda ya tattara shi da aikin mishan ya fara zuwa ƙasar nan. Ko muna so ko ba mu so, a cikin tarihin Hausar boko akwai hannun waɗannan mutane.

Tun da addininsu ya rataya ga kowa ya karanta da kansa, sai suka ɗauki sayar da littafi wani ɓangare na aikinsu. CMS ta buɗe kantinta na littattafai a Legas tun 1869. SIM kuma ta yi maɗaba'a da kanti a Jos, tana buga littattafan koyon karatu da Littafin Waƙoƙi da jaridar Labarin Ekklesiya. A 1951 ta fara fitar da mujallar African Challenge, wadda daga sunanta ne kantunan Challenge na Jos da Kano da Kaduna suka sami nasu sunan. Bayan an kafa ECWA a 1954, sannu a hankali waɗannan ayyuka suka koma hannun 'yan ƙasa. Kantunan mishan ba littattafan addini kaɗai suke sayarwa ba. Akwai littattafan makaranta, da na rubutu, da alli da fensir da taswira, kuma duk wanda ya yi boko a Arewa a shekarun 1950 da 1960, Musulmi ne ko Kirista, da wuya a ce bai taɓa riƙe littafin da ya biyo ta hannunsu ba.

Zariya ta amsa

A ɗaya ɓangaren, gwamnati ta kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Dokta East. A 1933 aka yi gasar ƙaga labari, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Akwai kuma na biyar ɗinsu da aka buga a wannan zango, wato Jiki Magayi, wanda John Tafida, Kirista mutumin Wusasa, ya rubuta tare da East. Ashe ke nan tun ran gini tun ran zane, tun daga tubalin farko na ƙagaggun labaran Hausa, Musulmi da Kirista a kanta ɗaya aka jera su.

A watan Janairu na 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, ana sayar da ita kwabo ɗaya, Abubakar Imam ne editanta. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadar Zariya. Da aka shiga shekarun 1950 sai ga Yaƙi da Jahilci, manya suna zama ƙarƙashin inuwa da yamma suna koyon a, ba, ca. Don a sama wa waɗannan sababbin makaranta abin karantawa aka kafa hukumar NORLA, wadda ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959, ta buga ɗimbin ƙananan littattafai masu araha, da boko da ajami, da jaridun larduna irin su Bazazzaga ta lardin Zazzau da Gamzaki ta lardin Filato. Bayan ta, a 1966, aka kafa kamfanin NNPC na Zariya, wanda ya gaji waɗannan littattafai ya ci gaba da buga su.

Littattafan addinin Musulunci su ma sun bar hannun marubuta sun shiga injin. Bugun Masar da na Bairut suka riƙa zuwa ta hannun alhazai da 'yan kasuwar Kurmi, maɗaba'un Kano da Zariya kuma suka riƙa ɗaukar hoton rubutun hannu irin namu suna bugawa. Ƙawa'idi da Iziyya da Ishiriniya da Dala'ilu, waɗanda a da sai an kwafa, suka zama abin da za ka saya da 'yan sulalla a shimfiɗar mai littattafai a bakin masallacin Juma'a ko ranar kasuwa. A ƙarshen shekarun 1970 kuma fassarar ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa ta Shaikh Abubakar Mahmud Gumi ta fito, kusan lokaci ɗaya da sabuwar fassarar Littafi Mai Tsarki da ta maye gurbin ta 1932.

Saboda haka cinikin littafi a ƙasar nan a kan duwatsun murhu uku ya zauna: shimfiɗar mai littattafan Larabci, da kantin mishan, da kuma shagon ɗan kasuwa mai zaman kansa, wanda galibi mutumin Gabas ne da dogo ya kawo. Wannan na ukun ya girgiza a 1966, lokacin da rikici ya sa 'yan ƙabilar Ibo suka bar Arewa, kuma da yawansu ta tashar nan tamu suka bi. Bayan an gama yaƙin basasa a 1970 wasu suka dawo, 'yan ƙasa kuma suka shiga sana'ar.

Shekarun albarka

Shekarun 1970 su ne kakar masu kantin littattafai. Kuɗin man fetur ya shigo, naira na da daraja. A 1976 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin UPE na ilmin firamare kyauta, yara suka cika makarantu, aka buɗe kwalejojin horon malamai ko'ina. A 1977 aka kafa babbar kwalejin horon malamai a nan Kafanchan, wadda daga baya aka mayar da ita Gidan Waya. Kowane ɗalibi na bukatar littafi, kuma uba mai noman citta ko mai ɗinki ko ma'aikacin reluwe yana iya saye.

Waɗanda suka yi makaranta a lokacin za su tuna Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, da Iliya Ɗan Maiƙarfi, da Nagari Na Kowa, da wasannin kwaikwayo irin su Uwar Gulma da Jatau Na Kyallu. A ɓangaren Turanci ga littattafan marubutan Afirka na kamfanin Heinemann da aka fara fitarwa a 1962, ga jerin Pacesetters na Macmillan da ya fara a 1977, wanda samari da 'yan mata ke musaya a ƙarƙashin tebur a aji. A gaban kantar mai littattafai, ɗan Malam da ɗan Fasto layi ɗaya suke bi, littafi ɗaya suke nema, wani lokaci ma su haɗa kuɗi su sayi guda su riƙa karɓa-karɓa.

Tsada, da gwanjo, da haya

Daɗin bai ɗore ba. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin nan na SAP, aka karya darajar naira. Kuɗin da kafin nan ke kafaɗa da kafaɗa da dalar Amurka, kafin 1994 sai an ba da naira 22 a farashin gwamnati kafin a sami dala ɗaya, a kasuwar bayan fage kuwa abin ya fi haka nesa. Takarda da tawada da injin duk daga waje ake kawo su. Masana'antun takarda na ƙasa, na Jebba da Oku Iboku da Iwopin, waɗanda aka sa wa rai, suka durƙushe a shekarun 1990. Jirgin ƙasa shi ma ya yi ta ja da baya, ma'aikatan reluwe suka koma bin bashin albashi da fansho. Littafi ya fi ƙarfin talaka.

Amma in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A nan ne littafin gwanjo ya sami daraja. Mai kanti ya fara sayen tsofaffin littattafai daga hannun ɗaliban da suka gama makaranta, ya liƙe wanda ya yage, ya sayar wa na baya a rabin kuɗi. Wasu kuma daga Turai ake kawo su cikin kwali. Yara da yawa da suka zama likitoci da lauyoyi da malamai a yau, da littafin da ke ɗauke da sunayen mutum biyu ko uku a bangonsa suka ci jarrabawa.

A daidai wannan lokaci ne kuma littattafan soyayya suka ɓullo, marubuta na buga abinsu da kansu ba tare da jiran kamfani ba. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina a tsakiyar shekarun 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990. Daga Kano ake sarin su a kawo. Wadda ba ta da kuɗin saye sai ta aiki yaro ya karɓo mata haya. Malamai sun yi ta sukar su, amma gaskiya ita ce mata da yawa a cikin gidajenmu a kansu suka goge da karatun boko. Sharrin wannan zamani kuwa shi ne littafin jabu, wato masu satar fasaha su ɗauki littafin wani su buga a ɓoye da takarda marar kyau, marubuci da kamfani su tashi a tutar babu.

Wuta ba ta san mai kaya ba

Ba za a ba da tarihin komai a garin nan ba tare da an taɓo abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya ba. A ranar 6 ga Maris 1987 rikici ya tashi tsakanin ɗalibai Musulmi da Kirista a kwalejin horon malamai, a kan kalaman wani mai wa'azi. Ya shigo gari, ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙone wuraren ibada, aka yi asarar rayuka. A 1992 ga na Zangon Katab, wanda a kan maganar ta da kasuwa ya faro. A 1999 ga na naɗin sarauta a nan Kafanchan. A watan Afrilu na 2011 kuma, bayan zaɓen shugaban ƙasa, aka yi wanda ya fi kowanne muni a wannan yanki, babbar kasuwar Kafanchan ta ƙone ƙurmus.

Kowa ya yi asara, babu gidan da bai ji a jikinsa ba. Mai littattafai kuwa, jarinsa takarda ce, ba ta da abokin gaba kamar wuta da ruwa. Abin da ya fi ƙonewar kaya illa shi ne abin da ya biyo baya. Unguwanni suka rabu, ciniki ya rabu, har makarantu suka fara rabuwa. Yaro ya tashi bai san ɗan wancan ɓangare ba sai a labari. Mai shinkafa zai iya rayuwa da rabin gari, don kullum ana ci. Mai littattafai ba zai iya ba, saboda masu sayen kayansa dama can 'yan kaɗan ne, in aka sake raba su biyu to babu abin da zai saura.

Yadda kantin ke numfashi

Ya kamata mu fahimci yadda wannan sana'a take. Babban cinikin mai littattafai sau ɗaya ne a shekara, wato watan Satumba in an koma sabuwar shekarar karatu, sai ɗan abin da ba a rasa ba lokacin rajistar jarrabawa. To, wannan kakar ma an raba shi da ita, don makarantu masu zaman kansu da yawa yanzu su ke sayar wa iyaye littattafai kai tsaye, a haɗa da kuɗin makaranta. Ga masu jabu suna karya farashi. Ga wayar hannu, inda ɗalibi ke samun littafi kyauta ta intanet, matan da ke hayar littafin soyayya kuma suka koma karanta shi a WhatsApp. Sa'an nan a 2023 abubuwa uku suka haɗu: aka cire tallafin man fetur, aka sake sakin naira har dala ta haura naira 1,000, cuta kuma ta faɗa wa citta, wadda ita ce asusun manoman wannan yanki.

To, da me mai kanti ke biyan hayar shago a sauran watannin shekara? Da abin da ake saye ko yaushe. Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi ana sayensu lokacin baftisma da ɗaurin aure da Kirsimeti da taron Zumuntar Mata, kamar dai yadda cinikin mai shimfiɗa a bakin masallaci ke tashi da azumi da lokacin saukar Alƙur'ani. Wato ke nan, wannan kantar da wasunmu ke ƙyama ita ce ke riƙe ƙofar shagon a buɗe har Satumba ta zagayo, ka zo ka sami littafin kimiyyar ɗanka.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A Amurka, wani babban kamfanin kantunan littattafan Kirista mai suna Family Christian ya rufe dukan rassansa 240 a 2017, saboda ciniki ya koma intanet. A Faransa kuwa tun 1981 suka yi dokar da ta hana kowa rage fiye da kashi 5 cikin 100 na farashin sabon littafi, don kada manyan kantuna su haɗiye ƙanana. Mu ba mu da irin wannan doka. Abin da kawai zai tsare ɗan kantinmu shi ne ƙafafun masu shiga cikinsa.

Abin da ya rage gare mu

Jama'a, muna sayen magani da siminti da kayan mota a hannun maƙwabtanmu Kirista, su kuma suna sayen nama da atamfa da hatsi a hannunmu, ba wanda addininsa ya ragu. Wanda ya shiga kanti ya sayi ƙamus ko littafin lissafi, abin da ya shiga nema shi ya ɗauka, babu mai tilasta masa ya dubi wata kanta. Haka kuma muna fata su ma su riƙa leƙowa wajen masu littattafanmu, don zumunci a ƙafa yake.

Ga abin da kowa zai iya yi. In an ba yaro jerin littattafai, a fara duba na cikin gari. In babu, a sa mai kantin ya yi oda, ya ci 'yar ribarsa, ai ta fi kuɗin motar zuwa Jos sauƙi. Masu makarantun Islamiyya da na boko a unguwanninmu su riƙa ba shi jerinsu tun kafin hutu ya ƙare. Littattafan da yara suka gama da su, maimakon a ba mai ƙosai ko mai tsire ya naɗe kaya, a kai masa ya saya, ɗan wani ya amfana. Wanda ya karɓi bashi ya biya. A guji na jabu in da hali, don haƙƙin marubuci ne ake ci. Ƙungiyoyinmu in za su ba ɗalibai kyauta ranar saukar karatu ko ranar rabon sakamako, su sa littafi a ciki. A kuma riƙa tambayarsa Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da sauran littattafan Hausa, don ɗan kasuwa abin da ake tambaya shi yake sarowa. Matasanmu masu ɗan jari su ma su shiga sana'ar, ga ɗaliban reshen Jami'ar Jihar Kaduna da na makarantar koyon jinya da na Gidan Waya duk suna neman littafi.

Waɗanda kuma Allah ya sa har yanzu akwai tsofaffin rubuce-rubucen kakanni a gidajensu, waɗanda suka tsira daga gara da gobara, don Allah a adana su, a nemi shawarar masana a Gidan Arewa da ke Kaduna kan yadda za a ɗauki hotonsu.

Kakanninmu sun jira takarda ta ƙetaro Sahara a bayan raƙumi, sun yi watanni suna kwafar littafi guda. Mu an kawo mana shi har bakin titi, ya rage gare mu mu riƙe. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa albarka a karatun 'ya'yanmu, amin.